Tambaya da Amsa: Alwatikar Paskal, daga Ƙirgar Zaɓi zuwa Kalkulas

Wasiƙu uku na ware a wannan fitowa. Marubutansu ba su san juna ba, amma abu ɗaya suke tambaya ta fuskoki daban, saboda haka amsar kowa za ta amfani ɗan'uwansa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. An koya mana alwatikar Paskal a darasin buɗe baka irin (a+b)⁴, sai ga lambobin nan sun sake fitowa a darasin ƙirga hanyoyin zaɓi. Dace ne kawai, ko akwai dalili? Kuma shi Paskal ɗin ne ya ƙirƙiro ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Akwai dalili ƙwarai, kuma na ji daɗi da kika tsaya kika yi mamaki, don da yawa sukan haddace lambobin su wuce abinsu. Bari mu shimfiɗa alwatikar saboda masu karatun da suka daɗe da barin aji:

1
1 1
1 2 1
1 3 3 1
1 4 6 4 1
1 5 10 10 5 1
1 6 15 20 15 6 1

Kowane sahu da 1 yake farawa, da 1 yake ƙarewa, kowace lamba ta ciki kuma jimillar biyun da ke samanta ce. Sahun can sama shi ake kira na sifili, don haka 1 5 10 10 5 1 shi ne na biyar.

A ce mutum biyar ne, ana so a aiki biyu daga cikinsu. Ta hanya nawa za a iya fitar da su? Ki zuba ido a kan mutum ɗaya. Ko dai yana cikin 'yan aiken, ko ba ya ciki, babu na uku. In yana ciki, saura a samo masa abokin tafiya daga huɗun da suka rage, hanya 4 ke nan. In ba ya ciki, dukkan biyun daga cikin huɗun nan za su fito, hanya 6 ke nan. 4 da 6 sun ba da 10. Kin ga ƙa'idar tara biyun da ke sama daga cikin ƙirgar kanta ta fito. Wannan adadi za mu riƙa rubuta shi C(5,2), wato yawan hanyoyin zaɓen 2 daga cikin 5.

To, koma kan (a+b)⁴. Baka huɗu ne a jere, ana ninka su da juna. Duk lokacin da kike ninkawa, harafi ɗaya kike ɗauka daga kowane baka, ko a ko b. Kafin a²b² ya fito, sai kin zaɓi baka biyu daga cikin huɗun nan waɗanda za su ba ki b, sauran biyun su ba ki a. Zaɓen 2 daga 4 hanya 6 ne, shi ya sa kike ganin 6a²b² a tsakiyar amsa. Mai buɗe baka zaɓe yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Batun wanda ya ƙirƙiro kuwa, Paskal ya zo ya tarar da ita ta tsufa. Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihinta shi ne ta ƙofa biyu mutane suka shigo mata, masu ƙirga ta nan, masu aljabara ta can.

Masu ƙirga na farko malaman waƙa ne. A Indiya, Pingala, wanda ya rayu ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi nazarin karin waƙoƙin Sanskirit masu gaɓa doguwa da gajera. In baiti yana da gaɓa 6, biyu daga ciki dogaye, kari 15 za a iya samu, kuma ga 15 ɗin nan a sahu na shida. A ƙarni na 10 Halayudha ya yi sharhin aikin Pingala, ya bayyana yadda ake gina alwatikar sahu bisa sahu. A Basra, Halilu bin Ahmad na ƙarni na 8 ya tsara ƙamusunsa Kitabul Ain a kan jujjuya haruffa. Haruffan Larabci 28 ne, za a zaɓi 3 mabambanta ta hanya 3,276, kowane ukun kuma ana iya jera su ta hanya 6, jimilla 19,656. Wanda na fi so a cikinsu duka shi ne Ibn Mun'im na Marakish, wanda ya rasu a 1228. A littafinsa Fiƙhul Hisab ya tambaya: in kana da zaren alharini kala 10, tuntu iri nawa za ka iya yi mai kala biyu, mai kala uku, har zuwa goma? Da wannan tambaya ya gina alwatikar, da irin hujjar da na kawo miki ta mutum biyar. Mai kala uku dai 120 ne.

Ta ƙofar aljabara, Al-Karaji ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 1000. Rubutun nasa a kan wannan batu ya ɓace, amma Al-Samaw'al ya naƙalto shi a littafinsa Al-Bahir a ƙarni na 12, da jadawalin da ya kai sahu na 12. A ƙasar Sin, Jia Xian ya yi amfani da ita a ƙarni na 11 wajen fitar da tushen lambobi, Yang Hui ya adana aikin nasa a 1261, sannan Zhu Shijie ya zana ta a littafinsa na 1303 yana kiranta tsohuwar hanya. Har yau a Sin da sunan Yang Hui ake kiranta, a Iran da sunan Umar Hayyam, a Italiya kuma da sunan Tartaglia. A Jamus ma ta fito a bangon littafin lissafi na Apianus tun 1527.

Duk da haka kada ki rage wa Paskal haƙƙinsa. A ɗan littafin da ya rubuta a 1654, wanda aka buga a 1665 bayan rasuwarsa, ya tattara siffofinta wuri ɗaya, ya kafa musu hujja sahu bayan sahu, sannan ya kai ta wani sabon fage. A shekarar 1654 ɗin ce suka yi musayar wasiƙu da Fermat, wani masanin lissafi ɗan Faransa, a kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin a gama. In ɗaya yana neman ci 2, ɗayan yana neman ci 3, wasan ba zai wuce zagaye 4 ba. Duba sahu na huɗu: 1 4 6 4 1. Na farko yana da 6 da 4 da 1, wato hanyoyin da zai ci zagaye 2 ko 3 ko 4 cikin huɗun, na biyu yana da sauran 4 da 1, rabon ya zama 11 da 5. Daga irin wannan lissafi ilimin yiwuwa ya tashi.

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ma lissafi nake koyarwa. In na zo buɗe (1+x) mai hawa ½ (hawa shi ne ƙaramar lambar da ake ɗorawa a saman baka, kamar 4 a (a+b)⁴), ɗalibai sukan tambaye ni: yaya za a zaɓi abu 2 daga cikin rabin abu? Nakan ce musu ƙa'ida ce, su bi ta. Amma ni kaina amsar ba ta gamsar da ni. Me ya kamata in faɗa musu?

Amsa: Barka kadai, Malam. Ɗaliban nan naka suna da gaskiya, kuma abin da za ka fara faɗa musu ke nan: ba a zaɓen abu biyu daga rabin abu. A wannan wuri ma'anar zaɓi ta tsaya. Abin da bai tsaya ba shi ne hanyar lissafin.

Ka tuna akwai hanyar samun lamba a alwatika ba tare da an gina sahun da ke sama ba, wadda Mahavira ya rubuta a Indiya wajen 850. Don samun C(5,2), a ninka 5 × 4 a raba da 1 × 2. Don C(5,3), a ninka 5 × 4 × 3 a raba da 1 × 2 × 3. Ana sauka ɗaya-ɗaya a sama, ana hawa ɗaya-ɗaya a ƙasa. Ka sa su ci gaba har C(5,6): a sama za su samu 5 × 4 × 3 × 2 × 1 × 0. Sifili ya shigo, ya kashe wannan da duk na bayansa. Dalilin da ya sa sahu na biyar yake ƙarewa ke nan. Sai ka ce su fara saukar daga ½. Za su samu ½, sai −½, sai −1½, sai −2½. Sun tsallake sifili ba su taka shi ba, kuma ba za su taɓa taka shi ba. Saboda haka sahun rabi ba shi da ƙarshe: 1, ½, −1/8, 1/16, −5/128, haka har abada. A ganina duk darasin yana cikin wannan tsallake, kuma in ɗalibi ya gan shi da hannunsa ba ya ƙara mantawa.

Yadda aka gano abin ya cancanci a ba su labarinsa, domin Niyuton ba buɗe baka ya fita nema ba. Faɗin filin da ke cikin da'ira yake nema. A hunturun 1664 zuwa 1665, yana saurayi ɗan kimanin shekara 22 a Kambirij, yana karanta littafin John Wallis na 1656. An riga an san faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layin (1−x²) in hawansa cikakkiyar lamba ce. Hawa 0 yana ba da x. Hawa 1 yana ba da x − x³/3. Hawa 2 yana ba da x − 2x³/3 + x⁵/5. Hawa 3 yana ba da x − 3x³/3 + 3x⁵/5 − x⁷/7. Lambobin ƙasa, 1, 3, 5, 7, ba sa canzawa. Na sama kuwa su ne 1, sai 1 1, sai 1 2 1, sai 1 3 3 1. Shi da kansa ya lura cewa su ne lambobin da ke fitowa in ana ninka 11 da kanta: 11, 121, 1331, 14641. Ita kuwa da'ira hawanta ½ ne, tana zaune tsakanin sahun sifili da sahun ɗaya, inda alwatikar ba ta da komai. Sai ya nemi ƙa'idar da za ta cike gurbin, ya samu x − x³/6 − x⁵/40 − x⁷/112, da sauransu. Bayan nan ne ya waiwaya ya ga cewa ita kanta bakan ana iya buɗe ta haka. Wato faɗin fili ya fara samu, buɗe baka ya biyo baya, akasin yadda muke koyarwa a aji.

Bai kafa hujja cikakkiya ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki jerin da ya samu daga buɗe bakan ya ninka shi da shi kansa jerin, ya ga duk gaɓoɓin suna cinye juna sai 1 − x² ya rage. Wannan labari shi ya ba da shi a wasiƙa ta biyu cikin biyun da ya aika wa Laibniz, masanin lissafi ɗan Jamus, a 1676 ta hannun Henry Oldenburg. James Gregory na Sukotlan shi ma ya iso ga wannan jeri ta hanyarsa wajen 1670.

Ka ba ɗalibai su gwada da kansu. Tushen murabba'in 1.1, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 1.1: a sa x ya zama 0.1. Za a samu 1 + 0.05 − 0.00125 + 0.0000625, jimilla 1.04881, kuma na'urar lissafi za ta yarda da su. Daga nan ka sa su gwada x = 3, inda kowa ya san amsar 2 ce. Jimillar za ta tafi 1, sai 2.5, sai 1.375, sai 3.06, sai ƙasa da sifili, tana ƙara nisa da 2. Jeri marar ƙarewa yana da sharaɗi: girman x ya kasance ƙasa da 1 kafin a saki jiki da shi. Ina roƙonka kada ka tsallake wannan misali na biyu, don a nan ɗalibi yake koyon cewa ƙa'ida tana da iyaka. Sai a 1826 Abel, ɗan ƙasar Norwe, ya warware wannan batu tsaf, shekara 160 bayan Niyuton.

Akwai abin da na ajiye maka, kuma shi ya fi faranta mini rai. Na ce ma'anar zaɓi ta tsaya a kan rabi. To, ka wuce rabi ka sauka ƙasa da sifili. Sahun −1 shi ne 1, −1, 1, −1, har abada. Sahun −2 shi ne 1, −2, 3, −4. Sahun −3 shi ne 1, −3, 6, −10, 15. Kawar da alamar ɗebewa ka dubi lambobin. C(−3,2) shi ne (−3) × (−4) a raba da 2, wato 6. Yanzu a ce kana da abubuwa iri uku, a da b da c, za ka ɗauki biyu, amma an yarda ka maimaita iri ɗaya: aa, bb, cc, ab, ac, bc. Shida cif. In uku za ka ɗauka, 10 ne. Ashe sahun da ke ƙasa da sifili ma ƙirga suke yi, ƙirgar zaɓi mai maimaici. Babu wanda ya nufi haka lokacin da aka miƙa ƙa'idar zuwa can. Ƙirgar ce ta dawo da kanta.

An ma ƙara gaba. A 1729 Euler ya rubuta wa Goldbach yadda za a ba 1 × 2 × 3 × … × n ma'ana ko da n ba cikakkiyar lamba ba ce. Na ½ ya fito rabin tushen murabba'in π, kusan 0.886. Da wannan, ita ma lamba ta biyu a cikin C, wato yawan abin da ake zaɓa, tana iya zama ɓangare, kuma C(1,½), wadda ke tsakanin 1 da 1 na sahun ɗaya, ta fito 4/π, kusan 1.273. Lambar da Wallis ya yi ta nema ke nan a littafin da Niyuton ya karanta.

Tambaya: Malam, ina shekarar farko a jami'a. Malaminmu ya ce kalkulas daga alwatikar nan ya tsiro. Ni ban ga alaƙa ba: ita cikakkun lambobi ce, shi kuwa a kan abin da ke canzawa sannu a hankali yake.

Amsa: Ɗana, da a ce daga ita kaɗai ya tsiro, da maganar ta yi yawa, domin nazarin motsi da na faɗin fili suna da nasu kason. Amma alaƙar tana nan, har wuri biyu.

An koya maka cewa saurin canjin x³ shi ne 3x². Daga ina 3 ɗin ya fito? Ɗauki akwati wanda tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk 10 ne, girman cikinsa 1000. Ƙara wa kowane gefe 0.1. Sabon girman 1030.301 ne, kuma in ka warware shi, 1000 ne da 30 da 0.3 da 0.001. Sahun 1 3 3 1 ne ya tsara su. Gaɓar 30 ita ce babbar ƙari, sauran biyun kuwa in ƙarin gefen yana ƙanƙancewa, sun fi shi saurin ɓacewa. 3 ɗin shi ne C(3,1): hanya uku ce ta zaɓen baka ɗaya da zai ba da ƙarin. Haka n ɗin da ke saukowa gaban xⁿ yake, C(n,1) ne. Da Niyuton ya samu sahun rabi da na ƙasa da sifili, sai wannan ƙa'ida ta yi aiki a kan kowane irin hawa, kuma duk lanƙwasar da ya iya mayarwa jeri sai ya bi ta gaɓa-gaɓa.

Wuri na biyu ya fi zurfi. Ita alwatikar tana da nata kalkulas na taki ɗaya-ɗaya. Dubi lambobin da ke gangarowa a karkace: 1, 3, 6, 10, 15. Bambancin da ke tsakanin kowace da ta gabanta shi ne 2, 3, 4, 5, wato layin da ke maƙwabtaka da su. Ɗaukar bambanci yana mayar da kai layi ɗaya baya, tarawa kuma yana kai ka layi ɗaya gaba: 1 + 3 + 6 + 10 ya ba da 20, kuma 20 tana nan a layi na gaba. Kowane ɗayan aikin biyu yana warware ɗan'uwansa, daidai yadda neman saurin canji da neman faɗin fili suke warware juna. Ta nan Laibniz ya shigo. A Paris a 1672 Huygens ya ba shi 1 + 1/3 + 1/6 + 1/10 + … ya tara. Ya lura kowace gaɓa ninki biyu ce ta wani bambanci: 1 − ½, sai ½ − ⅓, sai ⅓ − ¼. Na tsakiya duk suka cinye juna, amsa ta fito 2. Daga baya ya tambayi kansa abin da zai faru in takin ya ƙanƙance matuƙa.

Ga yadda za ka yi amfani da shi yau. Rubuta 0, 1, 4, 9, 16. Bambancinsu 1, 3, 5, 7. Bambancin bambancin 2, 2, 2. Ɗauki lambar farko ta kowane layi: 0, 1, 2. Su ne ke gaya maka cewa n² daidai yake da C(n,1) + 2 × C(n,2). Gwada da 4: 4 da 12, 16. Tunda tarawa matsawa ce gaba da layi ɗaya, jimillar 1 + 4 + 9 har zuwa 100 ita ce C(11,2) + 2 × C(11,3), wato 55 da 330, 385. Wannan hanya da sunan Gregory da Niyuton ake kiranta. A 1715 Brook Taylor ya ɗauke ta ya bar takin ya ƙanƙance zuwa sifili: bambanci ya koma saurin canji, C(x,k) ya koma x mai hawa k a raba da 1 × 2 × … × k, sai ga jerin Taylor da za ku yi nan gaba kaɗan. In kun zo wurin, ka ajiye wannan misali na murabba'ai kusa da shi ka gwama su gaɓa da gaɓa.

Aikin gida kuma: yi wa 0, 1, 8, 27, 64 irin abin da muka yi. Lambobin farko na layukan za su fito 0, 1, 6, 6. Yi amfani da su ka tara 1 + 8 + 27 har zuwa 1000. In ka samu 3025 ka yi daidai. Sannan ka ninka 55 da 55, ka rubuto mini dalilin abin da ka gani.